Kaset Tara a Faifai Ɗaya

Ni na ɗauki kaset ɗin Inna da hannuna, ba wanda ya aike ni. Wannan nake so a fara sani, don har yau in an tada zancen a gida sai Bushira ƙanwata ta ce laifin mai butik ɗin juye kaset ne. Ba laifinsa ba ne, tausayina kawai take ji.

Kaset tara ne. Wana Sule ya aiko su daga Abijan cikin shekara shida da ya yi can yana talla da tebur. A ƙauyenmu, nan cikin duwatsun Keita, haka ake wasiƙa a lokacin. Wanda ke can bai iya rubutu ba, wadda ke nan ba ta iya karatu ba, sai mutum ya zauna gaban rediyo ya zuba zancensa a kaset, ya ba mai dawowa gida ya kawo. Sau ɗaya Sule ya zo ganin gida, ya taho da shen, babbar rediyon nan mai lasifika biyu, gurbin kaset a ƙasa, gurbin sede, wato faifan CD, a sama, da batirin mota da allon sola na caja shi. Da ya koma zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyar, can anka rufe shi. Ba mu ga gawa ba, ba mu san kabari ba. Abin da ya rage wa Inna Cima na ɗanta shi ne kaset ɗin nan tara.

Sule ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kama sunansa, "na Abijan" take cewa. Ranar da labarin rasuwarsa ya zo ma ba wanda ya ga hawayenta. Amma kowace Juma'a, da maza sun tafi masallaci, sai ta saki asabari, ta jawo kwalla daga ƙarƙashin gado, ta kwance ɗankwalin da ta naɗe kaset ɗin, ta sa ɗaya. Kowa a gidan ya sani, kowa na yin kamar bai sani ba.

A daminar da nake ba ku labari na zo hutu daga Buza, inda nake koyarwa a lakkwal. Wata Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da Inna durƙushe gaban shen, tana zaƙulo zaren kaset da tsinken tsintsiya. Shen ɗin ta tauna shi. Ta kasa kama bakin zaren. Na karɓa, na fitar da shi a hankali, na sa bik, wato biro, na naɗe shi, ya koma. Da na tsaya nan da yau ina barci lafiya. Amma ni mushe ne, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, kuma mushe in ya ga mutum biyu zaune sai ya yi darasi.

Na ce, "Inna, abin ga ya tsuhwa. Wata rana shen ɗin ga za ta cinye su duka. Bari in kai su Madawa a juye su a sede. Sede ba shi da zare, ba a tauna shi."

Ta daɗe tana kallon kwallar. Bushira ta sa baki ta ce gaskiya na faɗa, yanzu kowa haka yake yi. Daga ƙarshe Inna ta miƙo mini ƙunshin da hannu biyu.

Ta ce, "Tahi da su, Sufyanu, amma ka maido mini abina. Su ɗin ga za ka maido."

Na ce to.

Butik ɗin na kusa da tasha a Madawa, ɗan ɗaki ne mai ordinatar ɗaya, wato kwamfuta, da lasifika a ƙofa da ke hana mutane jin juna. Mai shi sunansa Muhsin, mutum mai sanyin magana, irin waɗanda sanyinsu ke ƙara mini zafi. Ya ƙirga kaset ɗin, ya ce aikin kwana biyu ne, don dole kowane ya juya daga farko har ƙarshe yana shiga ordinatar. Sannan ya yi mini tambayar da na so a ce na tsaya na saurara.

Ya ce, "Mushe, odiyo kake so ko MP3? In odiyo ne, kowace na'ura na karanta shi, amma sai hwaihwai tara. In MP3 ne ana matse sautin, duka taran su shiga guda. Sai dai ba kowace shen ke karanta shi ba. Taku na karantawa?"

Ban sani ba. Wallahi ban taɓa dubawa ba. Amma akwai mutane a butik ɗin, kuma an kira ni mushe a gabansu, sai na ji tambayar kamar raini.

Na ce, "Shen ce daga Abijan. Sa su a guda."

Bayan kwana biyu na dawo. Ya sa faifan a ordinatar, muryar Sule ta fito tar, har ta fi ta kaset ɗin tsabta. Na karɓi markar na rubuta SULE a bayansa da manyan haruffa. Muhsin ya turo mini kaset ɗin cikin leda. A nan na yi tunanin da na ɗauka na masu hankali ne. Na ce a raina, in na mayar wa Inna da su ba za ta taɓa faifan ba, za ta ci gaba da cusa su a bakin shen har ta gama da su. Gara ta rasa su sau ɗaya ta saba da sabon abu. Na zare ɗankwalinta kawai, na tura masa ledar.

Na ce, "Mi zan yi da tarkacen ga? Zamaninsu ya wuce. Yi abin da kake so da su."

Ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce na tabbata. Ga shi nan, sau biyu ya tambaye ni a kan abu biyu, sau biyu na rufe masa baki.

Da la'asar na iso gida ina ji da kaina. Na tara Inna da Bushira, na haɗa wayar batir, na danna, tiren sede ya fito, na aza faifan, ya shige. Munka ji yana juyawa, fir, fir, ya tsaya. Ɗan gilashin gaban shen ya nuna alamar babu faifai a ciki. Na fitar, na goge a rigata, na mayar. Haka. Na hura masa iska, na juya shi, na buga gefen shen da tafin hannu. Sai na ɗauko wani sede na waƙa da Bushira ke saurara na sa, nan take kiɗa ya cika ɗakin. To shen lafiyarta lau. Ban tsaya wani tunani ba na yanke hukunci cewa Muhsin ya cuce ni, ya nuna mini abu a ordinatar, ya ba ni faifai fanko.

Inna ba ta kalli shen ɗin ba ko sau ɗaya, hannuna take kallo.

Ta ce, "Ina kaset ɗina?"

Na ce, "Suna can wurin mai butik, shina goge masu ƙura. Sati mai zuwa zan amso su."

Ƙaryar ta fita da sauƙi har na ji tsoron kaina. Na miƙa mata ɗankwalinta, ta karɓa ta ninke shi, ta sa cikin kwalla babu komi a ciki, ta rufe.

Na fito raina a ɓace. A ƙofar gida na tarar da Kawu Idrisa, ƙanen Inna, zaune a tabarma da tarin matattun sede a gabansa yana zura su a igiya. A wajenmu faifan da ya daina magana ba a yar da shi. In gero ya fara ido, ana jera su a igiya tsakanin sanduna a gona, iska na juya su, rana na haska su, walƙiyar na korar tsuntsayen jan-baki. Duk wanda ya je birni yana tsinto wa Kawu, har ya yi suna da su. Na jefa masa faifan a cinya.

Na ce, "Ga wani mataccen, Kawu. Bari shi kori tsuntsu, abin da ya iya ke nan."

Ya ɗaga shi ya duba a rana, ya ce wannan sabo ne, zai yi haske. Kawu ba ya karatun boko, bai san abin da ke rubuce a kai ba. Ni da na rubuta ina tsaye ya zura shi a igiya.

Na yi niyyar komawa Madawa ranar kasuwa in ci mutuncin Muhsin, in karɓi wani faifan. Ruwa ya sauka kwana biyu, kwari ya ciko ya yanke hanya. Da ya janye anka kira mu Buza taron horon malamai. Na ce bayan taro. Hankalina kwance yake, ina cewa ai komi na cikin ordinatar ɗinsa, kuma wa zai so tsofaffin kaset? Juma'a biyu sunka wuce. A ta biyun Bushira ta kira ni a salula, ta ce Inna ta saki asabari kamar kullum, ta zauna cikin ɗaki har anka taso daga masallaci, ba abin da ke tashi. Na ce mata ina cikin aiki. Sai a kwana na goma sha tara na hau moto, babur ɗina, na nufi Madawa.

Tun daga ƙofa na fara faɗa. Na kira shi macuci, na ce ya ga ɗan ƙauye ya ba ni faifan wofi. Mutanen tasha sunka fara leƙowa. Muhsin ya rage ƙarar lasifikarsa, ya bari na gama.

Ya ce, "Mushe, a gaban shen ɗinku, kusa da tiren, an rubuta MP3?"

Ranar da ta ƙi faifan na ƙare wa gaban shen ɗin nan kallo, ba a rubuta ba.

Ya ce, "To hwaihwanka lahiya lau shike. Shen ɗin ce ta girme shi. Ita odiyo kaɗai ta sani, in ta ga MP3 sai ta ce ba ta ga komi ba. Shi ya sa na tambaye ka."

Na ce ya ba ni kaset ɗina. Murya ta riga ta sauka.

Ya dube ni, ya sunkuya ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur. Ya ce ya ajiye su sati guda ko zan sake shawara. Da bai gan ni ba ya juye wa'azi a kansu, don direbobin tsofaffin motocin hanyar Konni da Tawa har yanzu kaset suke sa wa fasinja, kuma sabon kaset ya yi wuya. Takwas sun tafi. Guda ya rage, na gane shi da ɗan jan zaren da Inna ta ɗaura masa. Na ce ya sa. Ya sa. Muryar wani malami ta fito tana bayanin alwala. Na sa shi ya juya ɗaya gefen, ya tura gaba, ya tura har ƙarshe, ko an bar ko da numfashi ɗaya. Malamin ne har zaren ya ƙare.

Na ce, "Ordinatar hwa?"

Ya ce cuta ta shige ta satin da ya wuce, dole anka wanke ta gaba ɗaya, komi na ciki ya goge. Ya ga yadda fuskata ta koma, sai ya yi saurin kwantar mini da hankali.

Ya ce, "Ba komi, mushe, ai duka suna cikin hwaihwan. Kawo shi in juye maka a odiyo yanzu. Ka dai aje shi a inuwa ko? Irin wanda muke juyewa ba ya son rana. Ina shike?"

Na juya na fita. Wai ni ne na shigo ina kiran mutum macuci.

A hanya na tsaya Buza, na shiga gidan direktan lakkwal ɗinmu. Shen ɗinsa sabuwa ce, na durƙusa na karanta gabanta da idona, haruffan nan uku na nan. Na roƙe shi aro, ya ga yanayina bai tambaye ni dalili ba. Na naɗe ta da bargo na ɗaure a bayan moto. Ban bi ta gida ba, gona na wuce kai tsaye.

Rana na tsaka. Daga kan tudu na hango gonar Kawu tana ƙyalli ta ko'ina, faifai sun fi sittin suna juyi a kan igiyoyi. Na shiga cikin gero ina kama su ɗaya bayan ɗaya, ina juya bayansu. Kawu ya taso daga ƙarƙashin bagaruwa yana tambayar abin da ya faru. Na gaya masa. Ya tsaya kamar an dasa shi, ya ce inna lillahi, ya ce da ya san muryar yaron nan ce a ciki da hannunsa bai taɓa shi ba. Na ce masa ba shi ya yi ba. Shi ya tuna layin, can ƙarshen gona wajen jerin duwatsun tare ruwa, inda ba inuwa ko ta kara.

Rubutun ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, da ƙyar ake ganin S da U. Gefen faifan ya fara ɓarewa kamar fatar albasa. Cikin, da yake shuɗi-shuɗi ranar da na karɓe shi, ya yi fari fat ta ɓangare ɗaya, ga kashin tsuntsu ya bushe a kai. Na yanke igiyar da haƙori. Na wanke shi da ruwan butar Kawu, na tsane shi da rigata.

Inna na tsakar gida tana tsince wake. Na sauke shen ɗin direkta, na durƙusa gabanta, na gaya mata komi. Ban rage ba. Na ce kaset ɗinta ni na bayar da su da bakina, na ce na yi mata ƙarya ranar da na dawo, na ce faifan da ya rage kwana goma sha tara ya yi a gona yana korar tsuntsu, kuma ni na kai shi. Bushira ta toshe baki da gyale. Na so Inna ta zage ni. Na so ta ɗaga murya ko sau ɗaya, ta ce Allah ya isa, in samu abin riƙewa. Ta ture faifan waken gefe, ta karkaɗe zanenta.

Ta ce, "To. Sa mu ji."

Munka shiga ɗaki. Wannan karon ba ta saki asabari ba, kuma ba ta ce mu fita ba. Na haɗa waya, na sa faifan. Ya juya, ya yi ƙara, ya tsaya, ya sake juyawa. Can gilashin ya nuna lamba goma sha takwas, gefe biyu na kowane kaset. Na ce alhamdu lillahi a fili. Na danna na farko.

Aka ji hayaniyar motoci, wani ya yi tari, sannan Sule ya yi sallama. Kaset ɗinsa na farko ne, na shekarar da ya tafi, muryar ta yaro ce. Ya ce, "Inna, ni ne. Na iso lahiya." Ya gaida Kawu, ya gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da maƙwabta. Ya ce ruwan can ba ya ɗaukewa, tufafi ba su bushewa. Ya ce abincinsu garin rogo ne, mutum ya ci ya ƙoshi, kafin azahar yunwa ta dawo, yana marmarin hura. Ya yi dariya. Ya ce ya ga teku, ba a hango ƙarshenta. Ya ce, "Akuyar nan ja da na bari," sai maganar ta sarƙe, ta maimaita kanta sau uku, ta yi tsalle, ta ɗauke. Duka bai kai minti huɗu ba.

Na danna na biyu, lambobi na tafiya ba sauti. Na uku ko tafiyar bai yi ba. Na bi su har goma sha takwas, na dawo na sake bi, gumi na ɗiga a kan shen ɗin mutane. Daga baya Muhsin ya yi kwana biyu yana fama da faifan a ordinatar, bai karɓi ko dala ba, abin da ya iya cetowa minti huɗun nan ne.

Inna ta ce, "Maido na hwarin."

Na mayar. Munka sake jin tarin, da sallamar, da ruwan da ba ya ɗaukewa. Da ya zo kan akuya maganar ta yanke, sai na ji ta ci gaba daga bayana. Inna ce. Idonta a rufe, hannuwanta a cinya, tana faɗa a hankali da irin tafiyar maganarsa, har inda yake jan numfashi.

"Akuyar nan ja da na bari, kada a sai da ta ko an matsu, ta kusa haihuwa. Na ba Hama mai tahowa gida zane turmi guda ya kawo maki, mai ganye-ganye, in bai yi maki ba ki ba Bushira. Ɗakin da muke kwana mu bakwai ne, duk ƴan Adar, ba abin da ya dame ni. Kada ki sa tunanina. A ce ma Sufyanu..."

Ta tsaya. Leɓenta ya motsa ba abin da ya fito. Ta koma baya kaɗan, ta sake tahowa, "Kada ki sa tunanina. A ce ma Sufyanu," ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Ta buɗe ido ta dubi shen ɗin, ta jira. Sannan ta juyo gare ni, ba fushi a fuskarta, tambaya ce kawai irin ta wanda ke neman taimako.

Ta ce, "Wurin ga da kai shike. Mi yac ce ma?"

Shekara goma sha ɗaya kaset ɗin nan ya yi a gidanmu. Ranar da anka kawo shi an aika kirana in zo in ji saƙona, ina wajen ƙwallo, na ce ina zuwa. Ban taɓa zama na saurare shi ba, ko shi ko sauran takwas ɗin.

Na ce, "Ban sani ba, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta ce in bari, wataƙila zuwa Juma'a ya faɗo mata.